Kakar da Zakaranta Bai Yi Cara Ba

Gabatarwa

A ƙarshen watan Agustan 2018, shugabannin ƙungiyoyi 20 da ke buga babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru ta Nijeriya suka zauna da kamfanin da ke gudanar da gasar a lokacin, wato LMC, suka amince cewa kakar wannan shekara ta ƙare. A lokacin an buga mako 24 ne kacal daga cikin 38. Saura mako 14, wato wasa 140 da aka tsara, aka sa wa rana, aka kuma yi wa jama'a alkawarinsu. Ƙungiyar Lobi Stars ta Makurɗi ce ke saman teburi da maki 43, Akwa United ta Uyo na biye da ita da maki 41, alhali kowace ƙungiya tana da sauran maki 42 da za ta iya nema a fili. Da wannan tazara ta maki 2 aka miƙa wa Lobi Stars tikitin wakiltar Nijeriya a Gasar Zakarun Afirka, aka yafe wa ƙungiyoyi 4 da ke ƙasan teburi faɗawa rukuni na biyu, aka tashi taro, kowa ya kama gabansa.

Tun daga ranar ake kiran wannan hukunci da sunaye masu laushi. Wasu su ce maslaha ce, wasu su ce larura ce wadda ba yadda za a yi da ita. Ni kuwa abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, zaɓi ne aka yi da gangan, kuma waɗanda suka yi zaɓin sun yi shi cikin sauƙi ne domin babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi asarar sisin kwabo. Asarar ta faɗa ne a kan 'yan wasa da 'yan kallo, waɗanda ba a ba su kujera a wurin taron ba.

Yadda aka kai ga haka

Tushen rigimar ya girmi kakar da shekara 4. A ranar 26 ga Agusta, 2014, wani taro da aka yi a Abuja ya bayyana Chris Giwa, mai ƙungiyar Giwa FC ta Jos, a matsayin shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya, NFF. A ranar 30 ga Satumba na wannan shekara, wani taron da aka yi a Warri ya zaɓi Amaju Pinnick. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta amince da na biyun, na farkon kuma ya garzaya kotu. Shari'a ta yi ta hawa da sauka daga Babbar Kotun Tarayya da ke Jos zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, har ta isa Kotun Ƙoli, wadda a watan Afrilun 2018 ta mayar da ƙarar Jos domin a saurare ta.

Ana cikin haka aka dakatar da gasar a watan Yuni domin hutun Gasar Cin Kofin Duniya da aka yi a Rasha, da niyyar a dawo a watan Yuli. Super Eagles suka sha kashi a hannun Kuroshiya da Ajantina, suka dawo gida tun daga zagayen farko. Ba a yi mako guda da fitar da su ba, Ministan Wasanni na lokacin, Solomon Dalung, ya ba da umarnin a bi hukuncin kotu, Giwa ya shiga hedikwatar hukumar da ake kira Gidan Gilashi a Abuja ya zauna. Kafin watan ya ƙare jami'an tsaro na farin kaya suka fitar da mutanensa. FIFA ta ba Nijeriya wa'adin ranar 20 ga Agusta, ko dai a tabbatar da shugabancin Pinnick ko a dakatar da ƙasar daga harkar ƙwallon duniya. Gwamnatin Tarayya, ta ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo, ta tabbatar, FIFA ta janye barazanarta. A duk tsawon wannan dambarwa LMC ta ɗage dawowar gasar har sai abin da hali ya yi.

Wannan shi ne labarin da kowa ya sani, kuma da yake sunan ɗaya daga cikin masu rigimar Giwa ne, an yi ta maimaita maganar nan ta cewa idan giwaye suna faɗa ciyawa ce ke shan wahala. Maganar tana da daɗin faɗi, amma tana wanke mutanen da bai kamata a wanke ba. Faɗan ya lafa tun ranar 20 ga Agusta. Kwana goma sha ɗaya bayan haka aka binne gasar, kuma ba Giwa ne ya haƙa kabarin ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hujjar ƙurewar lokaci

Babbar hujjar da aka kafa ita ce ta lokaci. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta sauya jadawalinta a wannan shekara, sabuwar kakar gasanninta za ta fara a watan Nuwamba, kuma ana buƙatar kowace ƙasa ta aika sunayen wakilanta a tsakiyar watan Oktoba. Aka ce ba zai yiwu a buga mako 14 kafin wa'adin ba. Ina son a auna wannan magana da ma'aunin adalci, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ƙasar nan faɗi gare ta. Ƙungiyar da za ta taso daga Maiduguri zuwa Fatakwal ko daga Damaturu zuwa Uyo a mota tana shafe kwanaki a hanya, kuma babu mai hankalin da zai so a gallaza wa 'yan wasa da wasa biyu a kowane mako na tsawon wata biyu ba hutu.

To amma daga 20 ga Agusta zuwa tsakiyar Oktoba mako takwas ne cur. Ko da an yarda cewa ba za su ishi wasa 140 ba, sun ishi abubuwa da yawa da suka fi zaman ɗaki ɗaya daraja. Hujjata a nan LMC ce da kanta. A watan Yunin 2019, wato ƙasa da shekara guda bayan wancan hukunci, kamfanin ya tara ƙungiyoyi 6 a filin wasa na Agege da ke Legas, kowace ta kara da kowace, aka fitar da zakara cikin kwana tara. Me ya hana a yi haka a watan Satumban 2018, a tara na saman teburi a wuri guda su raba gardama da ƙafafunsu, a kuma tara na ƙasa su yi kokawar tsira? Dabarar da aka gano a 2019 ba daga sama ta faɗo ba, an daɗe da saninta a ƙwallon Nijeriya.

Akwai kuma hanya ta biyu wadda ta fi wannan sauƙi. Aika suna ga CAF abu ne daban, kammala gasa abu ne daban. Ana iya cewa Lobi Stars, tun da ita ke gaba a ranar da wa'adi ya cika, ta je ta wakilci ƙasa, gasa kuma ta ci gaba har ƙarshenta domin a san mai kofi da masu faɗuwa. CAF suna ta nema. Ba ta ce a rufe filaye ba.

Abin da ya ƙarasa rushe hujjar lokaci a wurina shi ne Kofin Aiteo, wato tsohon Kofin Ƙalubale. Shi ma an same shi a cikin wannan matsi, shi ma zakaransa zai wakilci ƙasa a Kofin Ƙungiyoyi na CAF, amma an nema masa hanya, aka matse jadawalinsa, aka buga shi har wasan ƙarshe, wanda aka yi ranar 24 ga Oktoba, bayan wa'adin da aka ce ba ya ɗaguwa. Wanda ya ci kofin kuma ya shiga gasar Afirka lafiya lau. Bambancin da nake gani tsakanin gasannin biyu ɗaya ne: a lokacin kofin yana ɗauke da sunan kamfanin man fetur da ya zuba kuɗinsa, akwai wanda zai tambayi ba'asi idan ba a buga ba. Babbar gasar kuwa marainiya ce, babu mai bin kadinta.

Minti na 57

Wancan wasan ƙarshe na Asaba ya cancanci a dakata a kansa, domin shi kaɗai ya isa amsa ga duk mai cewa Lobi Stars ce za ta ci kofi ko da an ci gaba. Ni ɗan goyon bayan Kano Pillars ne, ban ɓoye ba, kuma ranar tana cikin ranakun da ba na son tunawa. A filin wasa na Stephen Keshi, Pillars ta zura wa Rangers ta Inugu ƙwallo uku ba ko ɗaya. A unguwarmu har an fara kaɗe-kaɗe, masu babura sun fara zagaye gari da tutoci. A ƙarshe-ƙarshen wasan Rangers ta farke ɗaya, ta farke biyu, ta farke uku, aka tafi bugun fenareti ta ɗauke kofin da ci 4 da 2.

Yanzu a yi wannan lissafi. Mako 24 cikin 38 daidai yake da kashi 63 cikin ɗari na kaka. Kashi 63 cikin ɗari na minti 90 kuwa minti 57 ne. Da a ce alƙalin wasan Asaba ya hura usur a minti na 57 ya ce dare ya yi, motoci na jira, a ba wanda ke gaba kofi, da Sai Masu Gida ne suka koma Kano da shi. Da na yi murna a wannan dare, amma da na san a zuciyata cewa ba mu ci ba. Duniya kuma da ta yi mana dariya, da an kori alƙalin daga aiki har abada. Abin da ba za a lamunta ga alƙali ɗaya a wasa ɗaya ba, shi aka yi wa kaka sukutum, aka kuma kira shi hikima. Ko a Asaba tazarar ƙwallo uku ce ta narke. Ina ga tazarar maki 2, wadda canjaras ɗaya da nasara ɗaya ke shafewa a yammaci guda?

Ba ina rage wa Lobi Stars daraja ba ne. Marigayi Solomon Ogbeide ya gina ƙungiya mai tsari, kuma da ta je Afirka ba ta ba da kunya ba: ta fitar da Gor Mahia ta Kenya, ta shiga matakin rukuni, har ta doke Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu. Hasali ma ita ce ta biyu a jerin waɗanda aka zalunta. Ƙungiyar da rabonta da kofin gasar tun 1999 ta samu damar da za ta ɗauke shi da guminta, sai aka miƙa mata tikiti ta taga. Har yau wasu jaridu na kiranta zakarar 2018, wasu na cewa babu zakara a shekarar, mutanen Binuwai kuma ba su da hoton kyaftin ɗinsu riƙe da kofi bayan wasan ƙarshe da za su nuna wa 'ya'yansu. Hausawa na cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wannan zakara tun kafin asuba aka rufe shi da kwando, ba a bari an ji ko yana da murya ba.

Waɗanda ba a tambaya ba

A kakar 2018 wani matashi mai suna Junior Lokosa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 19. Tarihin cin ƙwallo mafi yawa a kaka ɗaya a lokacin yana hannun Mfon Udoh na Enyimba, wanda ya ci 23 a 2014. Lokosa na buƙatar ƙwallo 4 ya kamo shi, 5 ya wuce shi, ga kuma mako 14 a gabansa. Ƙwazonsa ya sa aka gayyace shi sansanin Super Eagles kafin tafiya Rasha. Ban ce lallai da ya karya tarihin ba, domin rauni da rashin sa'a suna nan. Abin da na ce shi ne an hana shi gwadawa, kuma irin wannan kaka sau ɗaya take zuwa wa mafi yawan 'yan wasa a rayuwarsu. A farkon 2019 ya tattara ya koma Esperance ta Tunisiya. Wa zai ga laifinsa?

Lokosa ma yana da suna, shi ya sa ake tuna shi. Akwai ɗaruruwan 'yan wasa da ba a san su ba, waɗanda alawus ɗin wasa da ladan nasara ne ke riƙe da gidajensu, tun da albashi a yawancin ƙungiyoyinmu sai an ga dama. Daga watan Yunin 2018 zuwa watan Janairun 2019 da aka buɗe sabuwar kaka, wata bakwai ke nan ba a buga wasan gasar ko ɗaya ba. Ɗan ƙwallo jarinsa ƙafarsa ce, kuma shekarun cinikinsa ba su fi goma zuwa goma sha biyar ba. Wanda ya ɗebe masa wata bakwai ya ɗebe abin da ba zai iya mayarwa ba. Haka nan mai sayar da ruwa da rake da tsire a bakin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, da mai ɗinka riguna masu launin ƙungiya, da ɗan jaridar rediyo da shirinsa ya dogara da wasan Lahadi, duk an rufe musu kasuwa ba tare da sanarwa ba.

Abin takaicin shi ne waɗannan 'yan wasa ne dai suka fitar da ƙasar kunya a farkon shekarar. A watan Fabrairun 2018 tawagar 'yan wasan cikin gida ta kai wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko, karon farko a tarihin Nijeriya. Masu masauƙi sun lallasa su da ci 4 da nema, gaskiya ne, amma sun kai inda ba a taɓa kaiwa ba. Da aka zo tafiya Rasha, mutum ɗaya tak daga gasar gida ya samu shiga cikin 23, wato mai tsaron gida Ikechukwu Ezenwa na Enyimba. Sai ga shi an tsayar da gasar 'yan wasa ɗaruruwa domin bikin da ɗaya daga cikinsu kaɗai aka gayyata, kuma daga wannan tsayawa ba ta sake tashi ba. Ƙwallaye biyun da suka faranta wa 'yan Nijeriya rai a Rasha kuwa, waɗanda aka ci Ayislan, Ahmed Musa ne ya ci su, yaron da ya yi suna a Kano Pillars da ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin Turai ta san da shi. Rijiyar da aka sha ruwanta ita aka bari ta rufta.

Me ya sa kowa ya yarda?

Masu kare hukuncin suna yawan cewa ai ƙungiyoyin ne da kansu suka amince, ba tilasta musu aka yi ba. Wannan magana ita ce mafi nauyin tuhuma a kansu, ko da yake su suna ɗaukarta kariya. A duba abin da kowa ya fita da shi daga ɗakin. Na ɗaya a teburi ya samu tikitin Afirka ba tare da haɗarin mako 14 ba. Na ƙasa su huɗu sun tsira daga faɗuwa ba tare da sun ci wasa ko ɗaya ba. Na tsakiya, waɗanda ba sa hangen kofi kuma ba sa tsoron faɗuwa, sun huta da kuɗin mota da otal da alawus na tafiya bakwai-bakwai. Ƙalilan ne kawai ke da dalilin ƙin yarda, su ma ba su tayar da ƙurar da ta kai ko'ina ba.

A ƙasar da ƙungiya ke rayuwa da kuɗin ƙofa da na talabijin, soke wasan gida bakwai daidai yake da ƙone rumbu. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, gasar Jamus ta dawo a watan Mayu, ta Ingila ta dawo a watan Yuni ta buga wasa 92 da suka rage a filayen da babu kowa, har Liverpool ta ɗaga kofi. Ba tsabar son ƙwallo ne ya sa su haka ba. Akwai gidajen talabijin da suka biya maƙudan kuɗi suna jiran kayansu ko a mayar musu da dukiyarsu. Mu kuwa a 2018 babu annoba, babu yaƙin da ya rufe filayen ƙasar, babu abin da ya hana ƙwallo gangarawa sai rigimar kujera a wani ofishi a Abuja.

Sirrin yana ga mallaka. Daga cikin ƙungiyoyi 20 na wannan kaka, in ka cire MFM ta Legas da FC Ifeanyi Ubah ta Nnewi da Go Round ta Omoku, sauran duk na gwamnatocin jihohi ne. Shugaban irin wannan ƙungiya gwamna ne ke naɗa shi, daga baitulmalin jiha ake ba shi kuɗi, kuma ga gwamna yake kai rahoto. Ko filin ya cika ko ya zama kufai, kasonsa na wata-wata bai canza ba. Abu ɗaya ne zai iya raba shi da kujerarsa, shi ne a ce ƙungiyar jiha ta faɗa rukuni na biyu ana saura 'yan watanni a shiga zaɓen 2019. Mutumin da ke cikin wannan hali, aka zo masa da takardar da ta ce bana babu faɗuwa, me zai hana shi sa hannu tun kafin a gama karanta masa? Ɗan kallo ba ya cikin lissafinsa, domin ba ɗan kallo ne ke ciyar da shi ba.

Haka abin yake a sama. An kafa LMC ne domin gasar ta tsaya da ƙafafunta, ta rabu da siyasar hukuma. Amma a 2018 shugaban kamfanin, Shehu Dikko, shi ne kuma mataimakin shugaban NFF na biyu, wato yana cikin ɓangare ɗaya na rigimar da ake yi. Alƙalan wasa ma daga hukumar ake turo su. Ba ina zargin mutum da mugun nufi ba ne, tsarin nake zargi. Gasar da aka ɗaure ta da igiya ɗaya da Gidan Gilashi, duk ranar da gilashin ya tsage sai ta ji a jikinta. Ya kamata a lura kuma cewa a ranar 20 ga Satumba, 2018, mako uku bayan an ce babu lokacin buga ƙwallo, wakilai daga duk faɗin ƙasar sun samu lokaci da kuɗin mota sun taru a Katsina sun sake zaɓen shugabannin hukumar. Zaɓe bai ɗagu ba ko da kwana ɗaya.

Bashin da aka biya daga baya

An ce an yi maslaha, to a duba abin da maslahar ta haifa. Tun da ba a saukar da kowa ba, aka kuma hawo da ƙungiyoyi 4 daga rukuni na biyu, kakar 2019 ta tashi da ƙungiyoyi 24. Ba za su iya buga gasa cikakkiya ba, sai aka raba su gida biyu, 12 a kowane rukuni, aka gajarta kakar, aka kuma saukar da ƙungiyoyi 8 a lokaci guda domin a koma 20. Wato domin a ceci huɗu a 2018 an yanka takwas a 2019. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Gombe United da Bendel Insurance da Remo Stars, waɗanda suka sha wahalar hawowa, sun koma inda suka fito bayan wasa 22 kacal. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Niger Tornadoes ta Minna suna cikin waɗanda guguwar ta kwashe. Kaka ɗaya aka ce za a sadaukar, sai ga shi biyu sun tafi.

Kakar da ta biyo baya kuma korona ta tsayar da ita bayan mako 25, Plateau United ta Jos na kan gaba, aka sake rufewa ba tare da zakara ba. Wannan karon uzurin na gaskiya ne, ban musa ba. Amma hanyar an riga an share ta tun 2018, kowa ya san cewa a ƙasar nan ana iya tashi daga gasa a tsakiya ba abin da zai faru. Sakamakon shi ne a cikin shekara uku a jere, 2018 da 2019 da 2020, Nijeriya ba ta kammala cikakkiyar kaka mai mako 38 ko sau ɗaya ba. Ƙasar da Enyimba ta ɗauko wa Kofin Zakarun Afirka sau biyu a jere a 2003 da 2004, ƙasar da Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ita ce ta kasa ƙirga wasanninta har 38.

Sai kuma a dawo ana yi wa matasa faɗa a rediyo, wai ba su da kishi, sun cika gidajen kallo suna ihu a kan Arsenal da Barcelona sun bar na gida. Ni na tashi a cikin waɗannan matasa, na san abin da ke kai su can. Yaron da ya biya kuɗin shiga gidan kallo a watan Agusta ya tabbata cewa a watan Mayu za a kai ƙarshen labarin, wanda ya fi maki zai ɗaga kofi, wanda ya gaza zai faɗi ko da kakansa ne ya kafa gasar. Wannan tabbaci shi ne hajar da ake saya, ya fi kyawun ciyawa da hasken fitila muhimmanci. Mai ba da tatsuniyar da ya saba tashi a tsakiya ya ce barci yake ji, bai kamata ya yi mamaki ba idan yara suka koma dandalin maƙwabta.

Kammalawa

Ba na neman a tono kakar 2018 a sake bugawa, bakin alƙalami ya bushe. Abin da nake nema abu ne da ke hannun masu riƙe da gasar a yau, ko wane suna hukumarsu ke amsawa. A rubuta a cikin dokokin gasa, tun kafin a take ƙwallon farko, abin da za a yi idan kaka ta katse: mako nawa ne mafi ƙaranci, wace hanya za a bi a fitar da zakara da masu faɗuwa a fili, kuma a haramta wa ƙungiyoyi kaɗa ƙuri'a a kan makomarsu bayan sun riga sun ga teburi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a sa mai laifi alƙalancin shari'arsa. A raba kujerar shugaban gasa da ta shugabancin hukuma. A ba ƙungiyar 'yan wasa kujera mai ƙuri'a a duk zaman da zai taɓa jadawali. Gwamnonin jihohi kuma su sayar da kaso na ƙungiyoyinsu ga 'yan kasuwa da magoya baya, domin a samu wanda zai ji zafi a aljihunsa ranar da aka ce an soke wasa. Garin da ke cika filin Sani Abacha tun kafin la'asar ba zai rasa masu sayen hannun jari a Pillars ba.

Daga ƙarshe, ina roƙon masu rubuta tarihin wasanninmu da kada su cike gurbin 2018 da sunan kowa domin jerin zakaru ya yi kyaun gani. A bar layin fayau, a rubuta a gefensa cewa an buga mako 24, an bar 14, ba don annoba ko yaƙi ba, kuma shugabannin ƙungiyoyi ne suka amince. Duk shugaban da za a sake miƙa wa irin wannan takarda nan gaba, ya kamata ya san cewa za a rubuta abin da ya yi.